Tsinken Auduga

Gado na huɗu nawa ne, a jikin taga,
a ɗakin da aka keɓe mu can bayan asibiti.
Ranar Talata aka zo da tsinken,
ɗan siriri, da auduga a ka kamar rawani.
"Ɗaga kai, Malam Tsalha," in ji Sista Kaneng,
wadda idanunta kaɗai na sani.
Ta zura shi a hancina har na ji shi a ƙeya,
hawaye ya zubo ba da izinina ba.
Ta karya tsinken, ta rufe a kwalba, ta rubuta lamba.
Sunana ya tafi Vom a cikin akwatin ƙanƙara,
ni na zauna a nan ina jiran ya dawo.

Mu huɗu ne.
Baba Davou, shekara talatin a ramin kuza,
ya ce tarinsa ya girmi korona,
ya girmi likitan ma.
Ɗanliti direba, da aka tare a shingen hanyar Bauci,
yana ƙirga kwanaki da kuɗin balas.
Nanpon ɗalibi bai cika magana ba,
wayarsa kawai yake latsawa har ta mutu.

Ni kuwa hankalina yana Farin Gada,
kwando goma sha biyu na bari a rumfa.
Tumatir ba ya jiran sakamako.

Da dare ƙanƙara ta yi ta jifan kwano,
sanyin Jos ya ratso bargo ya sami ƙashi.
Tari yana yawo daga gado zuwa gado
kamar ludayi a ƙwaryar fura.
In Baba ya yi shiru, sai duk mu kasa kunne,
in ya sake tari, mu ce alhamdu lillahi,
har Nanpon ma yakan faɗa.

Ladiyo ta kawo gwaten acca ranar Laraba,
ta tsaya bayan waya, ta ɗaga kwanon sama
don in ga da hannunta ta dafa.
Kafin ya iso gare ni ya huce.
Na raba mana a murfi huɗu.

Alhamis, shiru.
Juma'a aka ce layi ya yi tsawo a Vom.
A daren nan aka turo tukunyar iska,
aka gungura gadon Baba zuwa wani ɗaki.
Ya ɗaga yatsa yana nuna rediyonsa:
"Riƙe mini, kada batir ya ƙare a banza."

Asabar da hantsi likita ya shigo
da takardu a cikin leda.
Ɗanliti: akwai.
Ya yi dariya, "Ni da ko atishawa ba na yi?"
Dariyar ta tsaya masa a wuya.
Nanpon: kwalbarsa ta yoye a hanya, sai an sake.
Ya kama hancinsa da hannu biyu.
Ni: babu.
Na nemi murnar a ƙirjina, na same ta ƙarama,
ba ta kai in nuna wa Ɗanliti ba.

Saura takarda ɗaya.
Likita ya duba ta, ya dubi inda gadon yake dā.
"Shi ma babu," ya ce.
Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.
Ashe tun asuba Baba ya daina jira.

Yanzu ina Gangare.
Maƙwabta suna gaishe ni daga tsallaken kwata,
na nuna takardar, sun ce sun gani, sun gode.
Tumatir ya zama ruwa, yara sun zubar.
Rediyon yana kan taga a kashe.
An ce ɗansa yana gyaran babur a Bukuru,
ban san sunansa ba.
Gobe zan je in yi ta tambaya.